"To, yanzu na gane!": ƙorafi a kan wasannin faɗakarwa na rediyo

Duk wanda ya taɓa kunna rediyo tsakanin magariba da lisha a jahar Maraɗi ya san wasan da nake nufi. Minti biyar ne ko shida. Akwai dattijo mai taurin kai, akwai matarsa mai mita, sai wata malama ta yi sallama ta tarar suna gardama. Dattijon ko dai yana wasa gatari zai sare itace, ko ya shige rumbu don ya ji masu karɓar haraji sun shigo gari, ko ya riƙe salula a birkice yana ihu. Malamar ta yi bayani. Dattijon ya nisa, ya ce: "To, yanzu na gane!" Kiɗa ya tashi, a faɗi sunan wanda ya ɗauki nauyin shirin.

A hutun da ya wuce na yi wata biyu gida Cadawa, na ɗauki irin waɗannan wasanni goma sha huɗu a wayata, da niyyar in yi aikin makaranta a kan karin harshe. Aikin ne ya juye ya zama wannan ƙorafi. Ba zan ambaci gidan rediyo ba, don abin ba na gida ɗaya ba ne, kuma ni ma da hannuna a ciki. Ina kwaleji na taɓa fitowa a matsayin dattijon nan ranar bikin dashen itatuwa na 3 ga Agusta. Muryar kawuna na kwaikwaya, aka yi ta dariya, aka ba mu kyautar littattafai da bik.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne rabon harshe. A cikin goma sha huɗun nan babu ko ɗaya da aka saɓa: dattijo shi ke cewa munka da sunka da lahiya da wanga, malama kuwa muka da suka da lafiya, ta yayyafa Faransanci kaɗan don a san ta yi lakwal. Ba wanda ya fito ya ce Hausarmu ta jahilai ce. Ba a ma bukatar a faɗa. Yaron da ya ji wannan rabo sau ɗari ya riga ya koyi cewa mai gaskiya yana magana kamar littafi, mai kuskure yana magana kamar kakansa.

Sunan aikin kansa ma abin dubawa ne. Wayar da kai. A tsarin aikatau na Parsons da ake koya mana, wayar aji na biyar ne, mai nuna wani ya sa abu ya faru ga wani. Gari shi ke wayewa da kansa, amma kai sai an wayar da shi. Ke nan tun kafin a buɗe baki an yanke hukunci: a wancan gefen duhu ne, mu ke riƙe da fitila. Wanda ya yarda da haka ba zai taɓa rubuta wasan da dattijo ke da hujja ba.

Alhali a maganar itace, dattijon shi ne malamin. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Maraɗi ya ratsa Cadawa da Agye har Gazawa ya ga gonaki cike da gawo da kalgo da sabara da taramniya. Ba dasa su aka yi ba. Kututturan da ke ƙarƙashin ƙasa ne ke tsiro kowace shekara, manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura da haka bayan dashen da suke yi ya yi ta mutuwa. Da yunwar 1984 ta zo, wadda tsofaffi ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a lokacin, aka riƙa ba da abinci ga wanda ya bar tsiro a gonarsa. Da abincin ya ƙare, akasarin itatuwan an sare su. Amma waɗanda suka bari sun ga amfani, maƙwabta suka gani, abin ya bi gona-gona. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram. Ɗan Saga, nan cikin gundumar Agye, ya yi suna har ana kawo baƙi daga wasu ƙasashe su ga yadda mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwansu.

To me ya sa a da ake sarewa? Wasan rediyo ya ce jahilci. Na tambayi kawuna, wanda na yi wa ba'a a kwaleji, muna zaune gindin gawon gonarsa ta aya. Ya ce: "Yaro, icce na gwamnati na. In ka bar shi ya girma cikin gonarka, ka jawo ma kanka ɗan gandun daji. Ka taɓa reshe, tara. To wa ka renon abin da za a ci shi tara a kai? Tun yana ƙarami muka kashe shi." Wannan ba jahilci ba ne, lissafi ne. Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, har zuwa ta 1974 bayan ƴancin kai, itatuwa masu daraja na hukuma ne ko da a gonar gadonka suke. Sai da aka sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, sannan a Yulin 2020 aka fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena. Manoma sun riga takarda da shekaru sama da talatin.

Har sunan da aka ba dabarar, sassabin zamani, ina da ja a kan rabinsa. Sassabe na yarda, aikin manomi ne da sunan manomi. Zamani fa? Kakata ta san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma ƴaƴansa abincin bisashe ne da rani. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani tun kafin zuwan Nasara. Duk abin kirki sai mun liƙa masa zamani kafin mu yarda da shi, kamar kamfanin waya.

A wajen haraji kuwa wasannin sun fi ba ni haushi, don nan ne harshe ya fi arziki kuma nan suka fi talauta shi. Kalma ɗaya suka sani: haraji. Mutanen gari suna da jangali na dabbobi, da patanti na mai shago, da kuɗin tike na kasuwa, da na duwan, da tara, da zakka, da karo-karo, da kuma lanho. Lanho daga l'impôt yake, an haɗiye shi da harafin gabansa kamar yadda aka haɗiye l'école ta zama lakwal. Shi ne kuɗin kai da maigari ke tarawa, sefa 700 a kan baligi a ƙauye, wato dala ɗari da arba'in. Kowace kalma tana ɗauke da hukuncin da mutane suka yanke wa kuɗin. Ana fidda zakka, ana yin karo-karo, amma lanho ɗora shi ake yi, tara kuma cin mutum ake yi. Ka dubi aikatau kawai ka san inda zuciya take.

Mutumin da ake cewa ba ya son biya, shi ne ke ware dami ɗaya cikin goma a bakin gona ba tare da zandarma ya tsaya a kansa ba. Shi ne in famfon gari ya lalace ake bi gida-gida a tara kuɗin gyara cikin kwana biyu. Innata, mai sai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta ce da ni: "Ni ban ƙi tike ba. Shekara nawa ina biya, rumfar nan ni na kafa ta, in ruwa ya zo cikin caɓi nake zama. Su gwada mini abin da tikena ya saya." Tambaya ce mai kyau, kuma babu wasa ɗaya cikin goma sha huɗun da ya bar dattijo ya yi ta. Malama takan ce da harajinku ake gina asibiti da makaranta, shi ke nan, ba wanda zai ce wace makarantar, ta zana ko ta siminti.

Kuma ba yau mutanen ƙasar nan suka fara bayyana ra'ayinsu a kan haraji ba. A 2005 da aka ɗora kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari da ruwa da lantarki, garuruwa sun rufe kasuwanni har gwamnati ta janye akasarinsa, kuma shekarar nan ce yunwa ta cika cibiyoyin tamowa na jaharmu da yara. Dokar kasafin 2018 ta ƙara wa gidaje nauyi, ta kuma soke harajin da kamfanonin waya ke biya a kan kiran da ke shigowa daga waje. An yi zanga-zanga, an kama Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika a Maris 2018. Waɗanda suka fito ba don sun kasa ganewa suka fito ba.

Maganar salula ba zan daɗe a kanta ba, don dattijon da ke riƙe waya a birkice ya mutu tun tuni, a rediyo kawai yake raye. Kawuna ba ya karanta boko, amma kafin ya ɗora buhun aya a amalanke sai ya ji farashin Maraɗi da na Jibiya. Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta samu zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Saƙon murya na WhatsApp, bokal ɗin nan, ya yi wa Hausarmu abin da lakwal ba ta yi mata ba: munka da sunka suna zuwa Agadas da Legas da Libiya ba wanda ya gyara su a hanya. Ƙorafin mutane a kan waya daban yake. Rizo ya ɗauke, kiredi ya narke ba ka san inda ya bi ba, umarnin tura kuɗi duk da Faransanci sai ka miƙa wa yaro sirrinka. Da aka kafa asusun ceton ƙasa a Oktoba 2023 aka fara cirar dala bibbiyu a kuɗin waya da tikitin mota. Na ji masu cewa gudummuwa ce kuma sun bayar da zuciya ɗaya, na ji masu cewa lanho ne ya shigo aljihu ta pus. Wannan gardama da kanta ta isa wasa mai daɗi.

A gundumar Gidan Rumji kuma waya tana da wata fuskar. Tun 2019 dubban mutane suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara suna gudun ƴan bindiga, kuma ta waya ake cinikin fansar wanda aka sace. A can ƙetare kuɗin da ƴan bindigar ke ɗora wa ƙauyuka kafin su bar su su yi noma, haraji ake kiransa. Kalmar nan dai da malama ke faɗi da murmushi. Wanda ya ji ta a bakin mai bindiga, ba da wasan minti biyar za a nuna masa bambancin ba.

Kada a ce na maida mutanen ƙauye waliyyai. Akwai inda faɗakarwa ke da gaskiya. Leda ta cika mana gari, tana maƙale a kowace ƙaya, mahauta suna fiddo ta dunƙule-dunƙule daga tumbin awaki, mu ne kuma ke cewa a ƙara mana ɗaya in mun sayi goron dala biyar. Ƙarya ma tana yawo a bokal da saurin da gaskiya ba ta yi, na ji maganin kowace cuta a wayar innata. Sannan itacen gona da nake yabo na mai gona ne, macen da ba ta da gona da Bafillacen da ke neman reshe don shanunsa sukan sha wuya a kansa. Amma ko a ledar, dokar hana shigo da ita da sayar da ita tana nan tun Nuwamba 2014. Tsohuwa mai ƙosai ba ta da masana'anta, ba ta kuma tsaron iyaka. Wasan ya fi son ya yi mata faɗa don ita ce ba ta ɗaukar nauyin shiri.

Abin da ya sa na ga maganar ta wuce dariya shi ne, tun Maris 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mu da ke sashen kimiyyar harshe za a kira mu fassara dokar kasafi da takardar tara da saƙon kamfanin waya. In Hausar da za mu kai can ita ce ta malamar rediyo, mai ku daina da ku biya da ku gane, to an canja harshe ne kawai, mai magana da mai saurare suna inda suke. Ga marubutan ƙungiyarmu da ake ba irin wannan kwangila, na san kuɗin na biyan haya a Yamai, ba na ce ku ƙi ba. Ku dai gwada sau ɗaya ku ba dattijo hujjar kawuna, ku bar malama ta rasa amsa, ko ku sa ta ce munka.

Daren da zan koma na kunna wa kawu ɗaya daga cikin wasannin, na saran itace. Ya saurara har kiɗan ƙarshe, ya yi dariya inda ake dariya. Sannan ya ce in mayar baya kaɗan, wajen da malama ke lissafa itatuwan da za a dasa. Ya sake ji, ya ce: "Wagga yarinya turare ta ce a dasa cikin gonar hatsi? Shanye ruwan zai yi. Kana da lambarta?"