Masu Tara Lambobin Matasan Hitler da Ma'aunin da Suka Gada

Wanda ya ƙware a tara lambobin ƙungiyar matasan Hitler ba ya ɓata lokaci a fuskar bajo. Da ya ɗauka sai ya kifa shi a tafin hannu, ya ɗora madubin ƙara girma. Fuskar ai kowa ya san ta: ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, ja da fari, da baƙar alamar swastika a tsakiya. Abin da yake nema a baya yake, wato haruffan RZM cikin da'ira, da M1, da lambar masana'antar da ta buga shi, da yadda aka liƙa allurar maƙalawa. In duk suka yi daidai sai ya ce na ainihi ne, a shiga ciniki.

RZM ofishi ne na jam'iyyar Nazi da ke Munich, wanda tun tsakiyar shekarun 1930 yake ba masana'antu lasisin ƙera kayan jam'iyya. Garuruwa irin su Lüdenscheid, da ya shahara da maɓallai, da Pforzheim na maƙeran kayan ado, sun ci kasuwa sosai, domin masu saye ba su ƙarewa. A ƙarshen 1932 'yan ƙungiyar ba su wuce dubu 100 da 'yan kai ba. Dokar Disamba 1936 ta mai da ita ƙungiyar matasa ta gwamnati a ƙarƙashin Baldur von Schirach, a Maris 1939 kuma shiga ta zama dole, har yawansu ya haura miliyan 8, maza da mata, daga shekara 10 zuwa 18. Shi ya sa bajon zama ɗan ƙungiya yake da araha har gobe.

Tsada tana sama, inda ƙungiyar ta yi matakala. Akwai lambar bajinta da aka ƙirƙiro a 1934: baƙin ƙarfe ga ɗan shekara 15, tagulla ga ɗan 16, azurfa ga ɗan 17. Kafin yaro ya same ta sai ya ci jarrabawar gudu, tsalle, jifa, ninƙaya, harbi da karanta taswira, sannan ya amsa tambayoyin aƙidar jam'iyya, ana rubuta makinsa a wani ɗan littafi. Akwai bajon zinariya mai lamba a baya, na waɗanda suka shiga kafin babban gangamin Potsdam na Oktoba 1932. Akwai na gasar koyon sana'a, wanda aka kasa uku: zakaran gunduma, zakaran lardi, zakaran ƙasa. Sai allunan karramawa na ƙarfe ko tagulla ko tangaran, da ake miƙa wa waɗanda suka ci gasar harbi ko wasanni. A can ƙasa kuma akwai tarin ƙananan bajojin taro da na gidauniyar hunturu, na gwangwani da roba da katako, waɗanda yaran da kansu suke talla a titi da gwangwanin karɓar kuɗi.

Duk wanda ya dubi farashin waɗannan kaya a kundin gwanjo zai ga cewa matakalar nan ce yake bi sau da ƙafa. Na zakaran ƙasa ya fi na lardi, na lardi ya fi na gunduma, na zinariya ya fi na kowa da kowa. Mai tarawa zai ce ƙarancin abu ne ke sa shi tsada, kuma gaskiyarsa ce. Amma wa ya ƙayyade ƙarancin? Ofishin Schirach ne, da gangan, don yaro ya riƙa hangen na gaba da shi yana haɗiyar yawu. Haka ma kalmar "na ainihi". Ma'anarta a wannan kasuwa ita ce abin da jam'iyyar Nazi ta yarda a ƙera. Shekara 80 bayan an rushe RZM, hatiminsa ne ke yanke hukunci tsakanin dillali da mai saye. Wannan, a ganina, shi ne babban aibin sana'ar, ya ma fi zargin da aka saba yi wa masu ita na cewa suna ƙaunar Hitler a ɓoye. Akwai irin waɗancan, ba shakka, amma da yawansu masu son kammala jeri ne kawai, kamar mai tara kan sarki.

Lambobin lokacin yaƙi su ne suka fi tona wannan. Da yaƙi ya yi nisa, tagulla ta koma masana'antar harsashi, sai aka koma buga bajo da tutiya. Maimakon ruwan gilashi mai ƙyalli da ake gasawa a wuta, sai a shafa fenti kawai. Tutiyar nan da ta tsufa takan yi toka-toka, ta yi ƙuraje, ta shanye ruwan azurfar da aka yi mata. Masu tarawa sukan raina su, sun fi son na kafin yaƙi masu sheƙi. Alhali waɗannan munanan su ne aka maƙala wa yaran da aka kwasa daga aji tun 1943 aka kai su bakin bindigogin kakkaɓo jirage, da waɗanda aka haifa a 1926 aka haɗa runduna ta 12 ta SS da su, aka tura Normandy a Yuni 1944. Da yawansu can suka mutu, kuma sojojin wannan runduna ne suka harbe fursunonin yaƙi 'yan Kanada a gidan ibadar Ardenne da ke can Normandy. A Maris 1945 an ɗauki hoton Hitler a lambun fadarsa a Berlin yana gaisawa da yaran da aka ba lambar yaƙi, cikinsu har da Alfred Czech mai shekara 12. A ma'aunin kasuwa, bajon wannan zamani "mai ƙarancin inganci" ne.

Ba zan hana masu tarawa haƙƙinsu ba. Jabu ta cika kasuwar tun 1945, lokacin da sojojin Amurka ke neman tsarabar komawa gida, Jamusawa mayunwata kuma suka ga hanyar samun taba da abinci. Wasu masana'antu sun ci gaba da bugawa da tsofaffin hatiman da suka rage, daga baya aka shiga zubawa da tsufar da kaya da gangan. Yaƙi da wannan ya haifar da ilimi na gaske. Akwai mutanen da ke gane maƙeri ta siffar harafi guda, suna auna nauyi da giram, suna bambance abin da aka buga da wanda aka zuba ta kaifin gefensa. Jerin masana'antun da suka tattara yana amfanar masu gidajen tarihi. Sai dai ilimin nan duk a kan ƙarfe ya tsaya. Hans Massaquoi, wanda aka haifa a Hamburg a 1926, uwa Bajamushiya uba ɗan Laberiya, ya ba da labarin yadda ya so shiga ƙungiyar kamar 'yan ajinsu aka hana shi saboda launin fatarsa. Ba shi da bajo, don haka ba shi da gurbi a akwatin kowa. Haka 'yan Edelweiss, matasan da suka bijire suna dukan 'yan sintirin ƙungiyar, aka rataye wasunsu a Cologne a Nuwamba 1944. Furen edelweiss ɗin da suke maƙalawa a riga ba shi da hatimi ba shi da lamba, to da me dillali zai tantance shi?

Doka ta taɓa sana'ar, amma sama-sama. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuka ya hana nuna alamomin a fili, da hukuncin da kan kai ɗaurin shekara 3, sai in don ilimi ko bincike ko fasaha. Dillalai sukan liƙa 'yar takarda a kan swastika a hoto, su sa mai saye ya amince cewa don tarihi yake saye, shi ke nan. Ostiriya tana da dokarta tun 1960, a Faransa kotu ta tilasta wa Yahoo a 2000 ya toshe irin wannan gwanjo, eBay ya hana, Ostareliya ta haramta cinikin a 2024. A 2019 wani attajiri ɗan Labanon mazaunin Geneva, Abdallah Chatila, ya kashe kimanin Yuro dubu 600 a wani gwanjo a Munich ya sayi hular Hitler da wasu kaya don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka shi, ya ba da su kyauta har suka isa gidan tarihi na Yad Vashem.

Inda bajo kan yi magana shi ne idan ya zo tare da kayan mai shi: katin ƙungiya mai hoto, littafin maki, wasiƙa daga sansani, wani lokaci har da takardar sanar da iyaye mutuwa. A nan ne za ka ga sunan gari, da ranar haihuwa, da makin harbin yaro ɗan shekara 15. Masu tarawa na kirki sun san darajar irin wannan ƙunshi, suna kuma kokawa da dillalan da ke warware shi, su sayar da bajon ga mai neman cike jeri, hoton ga mai tara hotuna, littafin makin kuma ga wani a wata ƙasa.