Mawaƙan Arewa da bashin da gaɓar Kainji ke bin su

Masu fasaha baƙaƙen fata sun daina bar wa masana zancen lalacewar muhalli. Helon Habila ya fitar da littafinsa kan malalar mai a Neja Delta a 2010, Burna Boy ya yi fim kan baƙin hayaƙin Fatakwal a 2022, mawaƙiyar Mali Inna Modja kuwa ta ratsa yankin Sahel a wani fim na 2019 kan kwararowar hamada. Abin da ya ba aikinsu nauyi shi ne nuna wanda ya ci riba da wanda aka bar wa asara. Mu a Arewa, in ruwa ya ci gari, waƙar ta'aziyya muke rerawa mu watse, alhali ga madatsar ruwa ta Kainji a gabanmu.

Da aka kammala madatsar a 1968, an tashi mutane sama da 40,000. Tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawan Yauri suka bar tsibiran da suka gada da gonakinsu na albasa. Wutar lantarkin madatsar ta haska manyan birane, amma ƙauyuka da dama a Ngaski da Shanga har gobe da tocila suke kwana. Itatuwan da ba a sare ba suna nan tsaye cikin ruwa, suna fasa jirage. A Mayun 2021 wani tsohon jirgi da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya tarwatse kusa da Wara, aka yi ta tsamo gawarwaki kwana da kwanaki.

Za a ce ruwa na Allah ne, kuma haka ne. To amma rashin rigar ceto da rashin hanya ba daga sama suka sauko ba, haka ma shekaru goma da hukumar raya yankunan madatsun lantarki, HYPPADEC, ta yi a takarda bayan dokarta ta 2010. Imani da ƙaddara bai taɓa hana neman haƙƙi ba. Wasu kuma su ce mawaƙi ma ciki gare shi, dole ya bi mai kuɗi. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, bai kuma rasa abinci ko daraja ba. Dandali ma akwai shi: bikin Rigata na tara sarakuna, 'yan siyasa da Sarkawa a bakin ruwan Yauri, kuma mai kalangun da ya ambaci Wara a wurin, a kunnen masu iko zai faɗa.