2.3 Sharhi Kan Littafin Gombrich da Matsayin Fasahar Ƙasar Yauri a Ma'auninsa

2.3.1 Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da suka shafi wannan nazari, babu wanda ya kai littafin E. H. Gombrich mai suna The Story of Art shahara, wato labarin fasahar zane da sassaƙa da gini. An fara buga shi a Ingila a shekarar 1950, aka ci gaba da sabunta shi har zuwa bugu na 16 a 1995. A wannan sashe za a duba yadda marubucin ya tsara tarihin fasahar Turawa, sannan a auna ko ma'aunin nasa zai iya ɗaukar fasahar ƙasar Yauri, wadda ita ce wannan kundi ya sa a gaba.

2.3.2 Tsarin Littafin

Gombrich ya faro labarinsa ne daga hotunan dabbobi da mutanen dauri suka zana a kogunan duwatsu, kamar kogon Altamira na ƙasar Sifen, wanda aka gano zanensa a 1879, da na Lascaux a Faransa, wanda aka gano a 1940. Daga nan ya shiga Masar, inda mai zane ke nuna kowace gaɓa ta jiki ta fuskar da aka fi gane ta: kai a karkace, ido kuwa kamar ana kallonsa ta gaba. Sai Girkawa na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waɗanda suka fara amincewa da abin da ido ya gani fiye da abin da zuciya ta sani.

Inda littafin ya fi armashi shi ne bayanin Italiya. A nan ne ya nuna yadda Giotto, wanda ya rasu a 1337, ya ba mutanen da yake zanawa kauri da nauyi, da yadda maginin nan Brunelleschi ya fito da dabarar lissafin nisa da kusa, wadda Masaccio ya yi amfani da ita wajen 1427 har zanen da ke jikin bango ya zama kamar ɗaki ne aka fafe. Bayan ƙirƙiro kyamara a 1839, kamanta abu ya daina zama aikin mai zane shi kaɗai. Wannan na cikin dalilan da suka sa irin su Monet suka koma bin haske da launi, daga bisani Picasso da abokansa suka wargaza siffar baki ɗaya a farkon ƙarni na 20.

Abin yabo a nan shi ne, marubucin bai jero sunaye da shekaru kawai ba. A kowane zamani yakan tambayi matsalar da mai fasaha ya tarar, da hanyar da ya bi ya warware ta. Haka kuma ya ja kunnen mai karatu da kada ya ɗauki sauyin zamani a matsayin ƙaruwar gwaninta, domin buƙatun mutane da tunaninsu ne ke sauyawa.

2.3.3 Inda Gizo Ke Saƙar

Sai dai kuma tsarin babi-babi na littafin ya saɓa wa wannan jan kunne. Misali, akwai hoton wani kan mutum na tagulla daga Ife, wanda aka yi tsakanin ƙarni na 12 da na 14. Ke nan wanda ya ƙera shi tsaran Giotto ne, ko kusa da haka. Amma an ajiye shi a babi na ɗaya tare da zanen koguna da ya girme shi da shekaru fiye da 10,000. Ashe ba shekaru ne suka ba shi wannan gurbi ba, nahiyar da ya fito ce. Idan aka cire Masar, Afirka ba ta sake samun wani muhimmin ambato ba sai a wajen ƙarshen littafin, lokacin da masu zanen Faris suka fara sha'awar fuskokin dodanni na itace da aka kwaso daga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka.

Haka abin yake ga fasahar Musulmi. An haɗa ta da ta Sin a babi ɗaya, aka kawo fadar Alhambra da dardumar Farisa, aka wuce. Dalili kuwa shi ne, zaren da ya ɗinke littafin shi ne kamanta mutum da dabba da sarari. Duk fasahar da ta zaɓi layi da ƙulli da maimaici, dole ta koma gefen hanya. Shi kansa Gombrich ya koma ya rubuta littafi sukutum kan fasahar ado a 1979, mai suna The Sense of Order, amma na farkon ne ya fi yaɗuwa a hannun ɗalibai.

2.3.4 Ma'aunin a Ƙasar Yauri

Kafin ruwan madatsar Kainji ya cika a 1968, an gudanar da aikin ceto kayan tarihi a bakin Kwara. A wani tudu kusa da Yelwa, A. J. Priddy ya tono tukwane da kayan ƙarfe da ƙananan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, waɗanda gwajin kimiyya ya danganta da ƙarnonin farko na Miladiyya, har zuwa wajen ƙarni na 7. Wannan lokaci ya yi daidai da zamanin daular Rum da farkon fasahar Kiristoci a Turai, waɗanda Gombrich ya ware wa babi-babi nasu. Idan aka bi tsarinsa, kayan Yelwa babi na ɗaya za su faɗa, a kira su mafari, alhali masu yin su suna da ƙira da ginin tukwane da zaunannen gari.

Haka nan idan aka ɗora ma'aunin kamanni a kan mutum-mutumin Nok, za a ce kan ya yi wa jikin girma. Amma girman kai da idanu masu kusurwa uku da hujin ƙwayar ido sun maimaitu a wurare masu nisa da juna, kuma kuskure ba ya maimaituwa da irin wannan tsari. Ƙa'ida ce da ake koya wa almajiri, kamar dai ta Misirawa da marubucin ya yi wa uzuri.

Idan aka dawo kan abin da ke hannun Bahaushe, matsalar ta fi fitowa fili. Aska takwas da ke gaban babbar riga ba hoton wuƙa ba ne da ya kasa kama da wuƙa. Dagin da magini ke yi a fuskar soro, da zanen da ake ƙonawa a bayan ƙwarya, da saƙar tabarma, ana auna su ne da daidaito da tsabtar hannu da cika fili ba tare da cunkoso ba. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, ya warware matsalar rufe fili mai faɗi da bakan gizo na azara da ƙasa. Wannan ita ce irin tambayar da Gombrich ke yi wa maginan Turai, kuma da an yi wa Babban Gwani ita, da amsar ta cika babi.

Lamarin bai tsaya ga takarda ba. Tafkin Kainji ya tashi mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai, aka mai da su gidajen siminti, tsofaffin gine-ginensu suka nutse. A shekarar 2000 kuma, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa mutum-mutumin Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ake wawashewa zuwa ƙetare. Abin da mai shi bai ɗauka da daraja ba, shi ake saye a hannunsa da araha.

2.3.5 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, wannan nazari zai ari abu biyu daga Gombrich: tsayar da kowane aiki a zamaninsa, da tambayar matsalar da mai aikin ya so warwarewa. Amma ba zai ari jerin matakansa ba. A babi na uku za a auna adon ƙwarya da tabarma da gini na Birnin Yauri da Ngaski da Shanga da kalmomin da masu sana'ar da masu saye suke yabo ko kushe da su.