Siddabarun Kwamfuta a Fina-finan Hausa: Gwaninta ko Burga?

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, manazarta sun yi rubuce-rubuce da dama a kan fina-finan Hausa, musamman ta fuskar jigo da waƙa da tasirin Indiya, fagen da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi fice. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne wani ɓangare da aka bari a baya, wato siddabarun hoto: dabarar nuna wa mai kallo abin da kyamara ba ta ɗauka ba, kamar ɓacewar mutum, ko tashinsa sama, ko bayyanar aljani.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1896 Georges Méliès na Faransa yake ɓatar da mutum ta hanyar tsayar da kyamara. Kwamfuta ce ta faɗaɗa aikin, kuma yau manhajar Blender kyauta ake samun ta. Saboda haka uzurin rashin kayan aiki ya yi rauni. Matsalarmu ta ido ce da haƙuri.

Alal misali, mu ɗauki koren ƙyalle. Ana ɗaukar ɗan wasa a gabansa, sai manhaja ta cire koren, a sa wani wuri a madadinsa. Wannan kowane ɗan koyo yana iya shi cikin mako guda. Inda gizo ke saƙar shi ne haske. Sau da yawa sai a ga rana tana dukan bokan fim daga dama, alhali kogon da aka ajiye shi a ciki daga hagu yake samun haske. Ba shi da inuwa, ƙafarsa kuma ba ta taka ƙasa ba, tana reto. Tufafinmu ma suna da tasu wahalar, wadda darussan Turawa ba su cika kula da ita ba. Farar babbar riga tana shan launin ƙyallen, sai gefenta ya yi kore-kore. Mayafi mai shara-shara kuwa, manhaja kan cinye rabinsa. Gyaran wannan sai an bi hoto ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuwa hotuna 25 ne a kowace daƙiƙa. Furodusan da ke son fim ya fita jibi ba zai jira ba.

Sai dai aibin da ya fi wannan girma na tunani ne. Aljanin da ake nuna mana, mai jajayen idanu, mai fitar da walƙiya daga tafin hannu cikin hayaƙi, ba aljanin Bahaushe ba ne; baƙo ne daga Indiya da Amurka, sau da yawa ma a shirye aka sauko da walƙiyar daga intanet. Aljanin da Bahaushe ya sani yana tafe cikin guguwa da tsakar rana, yana zaune a kuka ko tsamiya, ko kuwa ya zo a siffar kyakkyawar mace, sai an dubi ƙafa a ga kofato. Tsoron yana cikin ƙanƙanin abin da ya saɓa, ba cikin tartsatsi ba. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Ganɗoki na Bello Kagara, duka na 1934, ya san ba mu rasa abin nunawa ba. Kofato ɗaya da ya zauna daram a kan rairayi, da inuwarsa da sawunsa, ya fi walƙiya goma wuyar yi, shi ya sa ake gudun sa.

To, ina za a koyi wannan, kuma da me za a auna gwani? A Wudil, kimanin kilomita 40 daga Kano, akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, kuma ana koyar da ilmin kwamfuta a cikinta. Ɗalibin can ya san lissafin da ke ƙarƙashin hoto. Editan Titin Gidan Zu, wanda ya koyi aiki a gaban maigidansa, ya san inda labari yake bukatar yanka. Kowannensu rabin gwani ne. A ganina, ba takardar shaida ya kamata a nema ba, aikin hannu za a ce a kawo, kamar yadda maƙeri ke auna yaronsa da fartanyar da ya ƙera. Garin ma ya tanadi wurin jarrabawa. A ce wa ɗan koyo ya ɗauki kwalekwalen masunta a ƙarƙashin gadar Wudil, ya sa ɗan ruwa ya ɗago kai a gefensa, surarsa ta karye cikin igiyar ruwa yadda ta masuncin ta karye. Ko kuma ya je kara ranar Juma'a ya ɗauki shanu ashirin, ya mai da su ɗari biyar, ƙura tana tashi a bayan kowace. Alƙalan kuwa kada su zama malamai kaɗai. A kira masunci da dillalin shanu su nuna wanne ne na ƙarya.