Mahaƙin Rijiya da Sanin Cikin Ƙasa

Mahaƙin rijiya yakan daɗe yana nazarin wuri tun bai ɗora dagi a ƙasa ba. Yana duban itatuwa, domin inda goruba ta yi kaka-gida, kamar a Gulbin Kaba wajen Mayahi, ko giginya ta cika kwari, kamar a Dallol Mawri kusa da Gaya, ruwa ba shi da nisa. Yana kuma tambayar dattawa gaba nawa tsofaffin rijiyoyin garin suka yi, da wacce ke ƙafewa da bazara.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. Daga Sakkwato zuwa Dosso da Tawa, ruwa na kwance cikin shimfiɗar yashi mai faɗi wadda Nijar da Najeriya da Mali suka yi tarayya a kanta. A Kano da Zariya kuwa dutse ne a ƙarƙashi, ruwan na maƙale a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, shi ya sa wannan gida kan samu, maƙwabcinsa ya rasa.

Gwani ba ya gama rijiya da damina. Yakan bari sai bazara, lokacin da ruwa ya yi ƙasa iyakar yinsa, domin idon da aka samu a lokacin shi ke riƙe mutane duk shekara. Yana haƙa yana murza ƙasa a tafin hannu: jigawa, marmara, laka, har ya kai yashi mai danshi. Kafin ya sauka rami mai zurfi yakan zura fitila. In ta mutu, iskar ƙasan ba ta shaƙuwa. Ba ya yarda a haƙa kusa da masai, kuma ma'aikatan lafiya ma tazarar mita 30 suke nema.

Babban iliminsa yana bayyana ne bayan ruwa ya fito. Sai ya kwashe shi tas, ya dawo da asuba ya auna abin da ya taru. Wannan awon ne ke nuna gida nawa da garke nawa rijiyar za ta ɗauka.

Yau burtsatse da injin ban ruwa suna zuƙa da saurin da guga bai taɓa yi ba, alhali damina ce ke mayar da mafi yawan abin da aka ɗiba. Duk garin da zai kafa inji, ya kamata ya fara zama da mahaƙansa, ya ji iya abin da ƙasarsa ke bayarwa.