Sallamar Mai Jita: Sharhi Kan Waƙoƙi Uku Daga Gadarif

A ƙarshen daminar bara, ana tsaka da yankan riɗi, wani matashi ya tare ni a ƙofar gidan rediyon da nake aiki a nan Gadarif, ya miƙo mini ɗan katin waya naɗe a takarda. Ya ce, "Ustaz, ka saurara in ka samu sarari." Kafin in tambaye shi ɗan gidan wane ne, ya tsayar da raksha, wato adaidaitarmu ta nan, ya yi gaba.

A cikin katin akwai jawabi na minti uku da waƙoƙi uku, shi kaɗai da jitarsa ta katako, irin wadda ba a jona mata lantarki. Daga baya na gane ba ni kaɗai ya ba wa ba. Abin ya yi ta yawo daga wannan waya zuwa waccan, har masu sauraron shirina na Hausa suka fara tambayata ko na ji. Tunda ya baje hajarsa a kasuwa, ina ganin ya halatta a taya. Ba zan kama sunansa ba, domin shi da kansa bai faɗa ba a cikin faifan, kuma daga nan ƙorafina ya fara.

Minti biyu da rabi na jawabin da Larabci ya yi su. Ya gaya mana kamfanin da ya ƙera jitar, da cewa ta hannu ya saya a Khartum lokacin yana karatu, da dalilin da ya sa ya fi son tsirkiyar ƙarfe a kan ta roba. Ya ce shekara huɗu ke nan yana koyo daga bidiyoyin YouTube. Ya jero sunayen makaɗan Turai da Amurka da yake sha'awa. Sau uku, na ƙirga, yana cewa shi fa ba mawaƙi ba ne, mai sha'awa ne kawai. Sai a ƙarshe ya juyo Hausa, kuma abin da ya faɗa da ita bai wuce a yi haƙuri da kurakurai ba. Da jawabin ya ƙare na san jitar ciki da bai. Mai ita kuwa ko unguwarsu ban sani ba.

Duk wanda ya tashi da waƙar Hausa a kunne ya san ba haka makaɗi ke shigowa fage ba. Yakan faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, ya ambaci 'yan amshinsa, ya yi wa kansa kirari tun kafin wani ya yi masa. Narambaɗa yana da Bakandamiya, Shata yana da tasa, kuma dukansu biyun mawaƙin ne ke gaya wa duniya ko shi wane ne. Shi Ɗan Maraya Jos ma sunan kaɗai ya gama bayani: ga maraici, ga gari. Mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya riƙe Najeriya da maƙwabtanta har ya bar duniya a 2015, bai taɓa buɗe waƙa da ba da haƙuri ba.

Na san abin da yaron nan yake gudu, domin ni ma ɗan gida ne. Na farko, kalmar maroƙi. A gidajenmu har gobe in yaro ya ɗauki kalangu ko gurmi an gama yanke masa hukunci, har a wajen neman aure sai abin ya biyo shi. Jita kuwa kayan 'yan makaranta ce. Mai rataye da ita yana iya kaɗawa yana waƙa, a ce ai nishaɗi yake yi. Wannan "ni ba mawaƙi ba ne" da ya maimaita, da dattawan gidansu yake, ba da mu ba.

Na biyu ya fi nauyi, kuma 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi ba lalle su ji shi yadda muke ji ba. Kakanninmu sun zo ƙasar nan wasu a kan hanyar Makka da ƙafa, wasu cikin ayarin da ya yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yanzu akwai inda in aka ce da kai Fallata ko Takari, ka san ba yabonka ake yi ba. Yaro da yawa sun koyi ajiye Hausa a zaure in za su fita. Saboda haka ban yi mamakin jin Larabci a gaba, Hausa a wutsiya ba. Abin da ya sa ban yafe masa gaba ɗaya ba shi ne A'isha Fallatiya. An haife ta a Kasala, nan kusa da mu, 'yar malami ce, ta shiga Rediyon Omdurman ta yi waƙa a 1942 lokacin da mace ba ta yin haka, 'yar'uwarta na kaɗa mata udu. Sunan da ake yi mana gori da shi, da shi ta yi suna, ta yi waƙa da Larabci ta yi da Hausa, har ta rasu a 1974. In mace ta iya wannan a wancan zamani, saurayi mai wayar hannu ya iya faɗin sunan ubansa.

To, mu koma kan waƙoƙin.

Ta farko ta soyayya ce da Larabcin Sudan, kuma ba ni da dogon zance a kanta. Hannunsa na hagu yana danne tsirkiyoyi a haɗe, na dama yana sharar su shida gaba ɗaya, sama da ƙasa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sai dai tun shekarun 1960 Sharhabil Ahmad ya nuna yadda jita ke zama 'yar Sudan, ya ɗora ta a kan ma'aunin sautin nan mai hawa biyar da waƙarmu ke tafiya a kai, ya sa mata rawa. Ta yaron nan ba ta kai can ba. Irin waƙar da za ka ji a ɗakin kwanan ɗalibai ce, ka ce madalla, ka manta kafin la'asar.

Ta biyu ita ce ta ba ni haushi, domin ita ta fi kyawun baiti. Da Hausa ya yi ta, a kan 'yan ƙwadagon riɗi, waɗanda a nan ake kira jango. Duk ɗan Gadarif ya san wannan aiki. Riɗi ba ya jira: in ya nuna aka yi jinkiri sai kwanson ya fashe ya zube a ƙasa, don haka ake yanka dare da rana, a ɗaure dami-dami a jingine ya bushe. Yaron ya san abin da yake faɗa. Akwai inda ya kwatanta mai yanka da ke ƙirga damin da ya tara yana lissafin kuɗin motar komawa gida, lissafin na ƙin cika. Wannan ido ne na mawaƙi, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Amma ya ɗauki waɗannan kalmomi ya zuba su a cikin kiɗan waƙar farko, shara huɗu-huɗu, ana sauya danna a kan ƙa'ida. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, kuma mai gaɓa doguwa da gajera. Kuka na hawaye daban, kukar miya daban, muryar ce ke raba su. A amshin waƙar yana so ya ce mai yankan riɗi ya sha wuya, wato wahala, wadda muryarta ke farawa ƙasa ta hau. Karin da ya aro ya tilasta masa farawa sama ya sauko. Sau shida ana amshi, sau shida ina jin wuyan da ke ɗauke da kai. Na kunna wa wani abokin aikina ban ce masa komai ba, sai da ya tuntsire da dariya a daidai wurin. Ban ce mawaƙan gargajiya ba sa lanƙwasa kalma ba, suna yi, amma sun san wadda za ta lanƙwasu da wadda za ta karye. A nan kiɗan ne ke gaba, harshen na binsa da gudu yana tuntuɓe. Gajerun gaɓoɓi an ja su, dogaye an datse, har wasu baitocin sai na mayar baya kafin in gane.

Saura kaɗan in cire katin. Allah ya sa ban cire ba.

A waƙa ta uku ya daina shara. Ya bar tsirkiyoyi huɗu suna hutawa, ya kama biyu: ɗaya mai kauri yana bugunta da babban yatsa ba ya sauya ta, tana ta gurnani a ƙasa, ɗaya siririya tana bin muryarsa. In ya faɗi baiti sai ya yi shiru, siririyar ta maimaita abin da ya faɗa, hawa da saukar duka, kamar ɗan amshi. Wannan ai tsarin gurmi ne da garaya, kuma ko bai taɓa riƙe su ba, kunnensa ya sha su a bukukuwan unguwa. Waƙar a kan hanyar da ya biyo ce bayan yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023: ya fake a Madani, Madani ma ta faɗi a watan Disamba, ya ƙaraso gida Gadarif a bayan babbar mota da jita a kan cinya, mutane na harararsa don ta cinye wurin zaman yaro guda. Bai yi kuka a ciki ba, bai zagi kowa ba. Ya dai lissafa abin da kowa ya ɗauko: wata ta ɗauko tukunya, wani takardun makaranta, wani tsoho ya ɗauko makullin gidan da ba shi da tabbacin yana nan. A baiti na ƙarshe ne ya ambaci sunan kakarsa da unguwar da ta sauke shi. Nan ne kaɗai a faifan gaba ɗaya na ji wani ya yi sallama.

Ba ita ma ta tsira daga aibi ba. Ta yi tsawo, minti tara, kuma baitoci biyu na tsakiya maimaici ne. Ya ajiye wayar da ya ɗauka da ita kusa da cikin jitar, don haka kiɗan ya danne muryar, muryar da dama a ɗarare take fita kamar mai tsoron kada a ji shi a ɗakin gaba. Ƙarshenta kuma bai ɗaure ba, ya dai gaji ya tsaya. Duk waɗannan gyara ne na mako guda.

Abin da ya yi tuntuɓe da shi a waƙar nan, wasu sun daɗe da mayar da shi hanya. Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara tun yana yaro, da ya koma jita sai ya kwashe abin da yatsunsa suka saba ya zuba mata, shi ya sa ko Bature ya ji ya san daga bakin kogin Kwara take magana. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Ta katin waya waƙoƙin suka bazu a Sahara, ba jawabi ba hoto, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji ya bi sawu ya nemo mai su. Hanyar da yaron namu ya bi ke nan, katin waya. Bambancin, wancan waƙar ya tura ta yi masa iso.

Kada a fahimce ni a kan cewa dole jita ta zama gurmi. Mai son gurmi ya nemi gurmi, yana nan, kuma ya fi arha. Jita tana da abin da gurmi ba shi da shi: faɗin murya daga ƙasa zuwa sama, da damar mutum ɗaya ya riƙe gindin kiɗa da karinsa lokaci guda. Abin da nake cewa, wa ke ja wa ke bi. Kuma ina da dalilin damuwa da ya wuce yaro ɗaya. Yau kusan duk waƙar Hausa da ke zuwa mana daga Kano a kan fiyano aka gina ta, bukukuwanmu na nan ma organ ne da janareta. Ina sa su a shirina, masu saurare na so, ni ma akwai waɗanda nake so. Amma mu Hausawan Sudan mun zama masu saye kawai, ba mu kai komai kasuwar ba. Ga garin ya cika da baƙin da yaƙi ya koro, wuta na zuwa tana tafiya, man janareta ya yi tsada. Abin kiɗan da ba ya neman soket, wanda za a iya kaɗa shi a ƙarƙashin rumfa ana shan jabana, ba abin rainawa ba ne a irin wannan lokaci.

Ta ukun kaɗai na sa a shirin, na yanke jawabin. Ba a rufe minti biyar ba wata dattijuwa ta bugo waya. Ta ce, "Ɗana, wannan mai gurmin ɗan wane ne?" Na ce, "Hajiya, jita ce." Ta ce ita dai gurmi ta ji, kuma kakar da ya ambata in dai wadda ta sani ce, to tare suka yi tallar ƙosai.

Bayan kwana biyu ya dawo ƙofar gidan rediyon. Ya ce wani mai ɗakin ɗaukar waƙa ya yi masa tayin sake ta ukun, a sa mata fiyano da ganga a gyara muryar, wai ta fi shiga kasuwa. Ya tambaye ni shawara. Na ce ya fara rage baitoci biyun nan, ya matsar da wayar kusa da bakinsa, ya koma ya kwance ta riɗin daga kiɗan da ya ɗaure ta a ciki. Sannan na tambaye shi sunansa da na mahaifinsa. Ya faɗa, a hankali, yana kallon ƙasa. Ashe na san gidan.