Kada Ka Kwafa, Kada Ka Ƙaga: Sharhi a kan Ƙa'idojin Wikipedia ga Sabon Marubucin Hausa

Tun da aka kafa Wikipedia a 2001, duk wanda ya shiga yin rubutu a cikinta yakan ci karo da ƙa'idoji biyu waɗanda a ganin farko suke kamar masu karo da juna. Ta farko ta ce kada ya kwafi maganar wani. Ta biyu ta ce kada ya kawo abin da wani bai riga ya wallafa ba. To, idan an hana shi kwafa, an kuma hana shi ƙagawa, me ya rage masa? A wannan maƙala za a duba yadda waɗannan ƙa'idoji suka zauna a hannun ɗalibin Hausa.

Ƙa'idar haƙƙin mallaka ita ce baƙuwa. A tsarin karatunmu na zaure, kwafar littafi da hannu aikin lada ne, gwanin almajiri kuwa shi ne wanda bai canza ko wasali ɗaya ba. Wanda ya tashi a wannan tarbiyya, in ya ga an goge masa shafi domin ya ɗebo sakin layi uku daga wani littafi, ba zai ga laifinsa ba, musamman da yake ya ambaci sunan mawallafin. Amma ambaton suna ba izini ba ne. Tun 2009 abin da aka rubuta a Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya yarje wa kowa ya ɗauka, ya gyara, har ya sayar, muddin ya faɗi asali kuma ya bar wa na bayansa wannan dama. Wato mai rubutu kyauta yake bayarwa, kuma ba a kyauta da kayan wani. Dokar Nijeriya tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Alal misali, waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun zama na kowa, amma fassarar da Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa a 1997 tana da masu ita. Na Sa'adu Zungur kuwa, da ya rasu a 1958, sai ƙarshen 2028. A nan ban ga abin suka ba, illa dai a riƙa bayyana wa sabon shiga dalili kafin a kai hannu ga gogewa.

Ƙa'idar madogara ba baƙuwa ba ce ko kaɗan. Mutanen da suka san isnadi, suka san tambayar "wa ya faɗa maka?", ba sa bukatar dogon bayani. Matsalar tana wurin abin da aka yarda a kira madogara. Sai bugagge: littafi, ko mujalla, ko jarida mai edita. Sakamakon haka, ɗalibin da zai rubuta tarihin sarakunan Kano yana da damar dogara da fassarar da H. R. Palmer ya buga a 1908, amma ba shi da damar dogara da dattijon fada wanda ya gaji labarin kaka da kakanni, ko da kuwa shi ne zai iya nuna inda Baturen ya kauce. Haka abin yake ga tarihin makaɗa, da sana'o'in gargajiya, da yawancin ƙauyukanmu. Ba mu kaɗai wannan ya dama ba: a 2011 Achal Prabhala ya jarraba kafa hujja da hirar baka a Indiya da Afirka ta Kudu, amma hakan bai zama ƙa'ida ba.

Duk da haka, ban goyi bayan a sassauta ba. Kundin da kowa ke iya sa wa hannu ba shi da hanyar bambance dattijon gaskiya da wanda aka ƙirƙira daren jiya, kuma mun san yadda rigimar sarauta kan haifi tarihi iri biyu a gari ɗaya. Tantance ruwayar baka aikin manazarta ne, kuma an yi shi da yawa. Kundayen digiri a kan adabin baka suna nan jibge a ɗakunan karatu na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, galibinsu ba a buga su ba, wasu ma kwafi ɗaya tak ya rage. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya fito a mujalla irin wannan, ranar ce maganar dattijon nan ta zama abin da ɗalibi zai iya kafa hujja da shi ba tare da an goge masa ba.